Ɗanta a Wannan Gaɓa, 'Yarta a Waccan

Yayata tela ce. Shagonta yana cikin jerin shagunan da ke fuskantar ƙofar bariki, tsakanin mai gyaran takalma da mai cajin waya, kuma duk wanda ya taɓa sa kaki a garin nan da sunan Mai Keke ya san ta. Ni ƙanwarta ce. Tun da mijina ya rasu nake wuni a shagon, ina guga ina sa maɓalli, saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Kakin gwamnati ba ya zuwa daidai jikin kowa. Yaya takan ce wanda ke yanka shi bai taɓa ganin ɗan Adam ba, labari aka ba shi. Gajere ya samu wandon da zai shige ciki har wuya, mai tumbi ya samu rigar da ba ta rufe cibiya. Duk wurinta suke ƙarewa. Ta rage ƙugu, ta saki kafaɗa, ta ɗinka lamba, tana yi tana tsokanarsu kamar 'ya'yan cikinta. Kurtu zai shigo yana ɗaure fuska, ya fita yana dariya.

Mijinta tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa, har ita. Lokacin da 'yarsu ta fari ke rarrafe aka tura shi wata ƙasa mai nisa a bakin teku, cikin rundunar da ƙasashen yankin suka haɗa don raba wani yaƙin basasa. Ya daɗe. Da ya dawo, kunnensa na hagu ya mutu, ba ya yarda ya zauna ya ba ƙofa baya, kuma idan taya ta fashe a titi sai dai a ɗaga shi daga ƙasa. Ba a jima ba aka sallame shi. Daga nan Yaya ta riƙe gidan da ƙafarta a kan keken ɗinki. Ban taɓa jin ta yi masa gori ba. Abu ɗaya ta roƙi Allah, kada ɗanta ya sa kaki.

Ɗan nata, wanda muke kira Dogo, ya sa. Bai faɗa mata ba sai da aka ɗauke shi. Ta yi fushi, ta huce, ta karɓi rigarsa ta farko ta saki kafaɗar da hannunta, don yaron faɗin ƙirjin ubansa ya ɗauko. 'Yar kuwa ta karanci aikin jinya, tun tana makaranta ake ce mata Nas har sunan ya bi ta. Ta auri wani malamin makaranta ɗan ƙasar da muke maƙwabtaka da ita, ta tare a garinsu, garin farko da zarar an haye gadar kan iyaka. Harshenmu ɗaya da su. Idan ka fita da safe, kafin la'asar kana tsakar gidanta. Ba mu taɓa ɗaukar wurin a matsayin wata ƙasa ba, sai dai mu ce ƙetaren gada.

Wata safiya rediyon mai cajin waya ya ce sojoji sun yi juyin mulki a can, sun tsare shugaban da aka zaɓa a cikin gidansa. Yaya ta kira Nas nan take. Nas ta ce lafiya lau suke, kasuwa ma na ci, abin a babban birni ne. Muka yi hamdala muka ci gaba da aiki. Bayan 'yan kwanaki shugabannin yankin suka taru suka ba sojojin wa'adi: su mayar da shugaban kan kujerarsa, ko a zo a mayar da shi da ƙarfi.

Tun daga ranar bencin ƙofar shagonmu ya zama majalisa. Saje yakan zo da hantsi ya zauna, bayansa a jikin bango, ya juyo da kunnensa mai ji. Shi a ganinsa dole a je. Yana cewa idan aka bar wannan ya wuce, gobe wani ƙaramin hafsa a nan ma zai tashi da safe ya ga ya dace da fadar shugaban ƙasa. Yana ba da labarin abin da ya gani a bakin teku, yadda suka tarar mutane na yanka juna a kan titi, da yadda kafin su taho ya tsaya gadin rumfar zaɓe ya ga tsofaffin mata sun yi layi cikin rana, wata ma a baro aka turo ta. Mai cajin waya yakan tambaye shi ina rundunar take lokacin da wasu shugabannin ke gyara tsarin mulki su zarce, ko sai mai kaki ne ɓarawon kujera? Saje ya ce wannan gaskiya ne, amma rashin kama ɓarawon jiya ba dalili ba ne na sakin na yau. Mai gyaran takalma, wanda ba ya son gardama, ya ce shi dai a je ko kada a je, takalma za su kashe, aiki zai samu. Aka yi dariya, ban da Yaya. Ta taɓa tuna wa Saje cewa ƙasar tasa ta bakin teku ta sake rikicewa bayan wasu shekaru. Ya ce haka ne, amma yaran da aka haifa a shekarun nan na tsakani suna nan da ransu, a je a tambaye su.

Ranar da abin ya fara shiga jikina ita ce ranar da Malam, mijin Nas, ya kira. Yaya ta ƙara muryar wayar ta ajiye a kan keke don Saje ya ji. Bayan gaisuwa, Malam ya ce shi da kansa ya zaɓi shugaban da aka tsare, don haka ba wanda zai koya masa zafin abin.

“Baba, ƙuri'ata aka sace, na sani,” in ji shi. “Amma idan motocinku suka hau gadar nan, ɗalibaina ba masu dawo da ƙuri'a za su gani ba. Baƙi za su gani da bindiga. Jiya rabin ajina ba su zo ba, suna filin ƙwallo ana koya musu fareti da sanduna.”

Saje ya ce a ƙasar bakin teku ma haka aka tarbe su da jifa, daga baya mutanen ne ke kawo musu ruwan sha. Malam, cikin ladabin suruki, ya ce Allah ya sa haka. Yaya ta ɗauki wayar ta tambayi Nas ko za ta taho gida da ƙaramar 'yarta har ƙura ta lafa. Nas ta ce su biyu ne kawai ma'aikatan jinya a asibitin, idan ta taho wa zai karɓi haihuwa.

Wa'adi ya cika. Aka rufe iyaka. Da yammacin wata Talata wani kofur ya sauke mana buhu biyu na riguna da ƙunshin sababbin tambura masu launin ruwan toka, ya ce a ɗinka ɗaya a kafaɗar dama ta kowace riga, ana so da gaggawa. Tambarin rundunar haɗin gwiwa ne. Ba wanda ya ce mana komai, ba mu kuma bukaci a faɗa ba. Ina ciro riguna ina miƙa mata, keke na ta ƙara, sai na ji ya tsaya. Ta shimfiɗa wata riga a cinyarta ta juya cikinta tana bin kafaɗar da yatsa. Ɗinkinta ne. Dogo bai iya kawo mata da hannunsa ba, sai ya cusa ta cikin na abokansa.

Na ce ta ba ni in kai wa wani tela. Ta girgiza kai. Ta ce idan wani ya ɗinka zai karkace, a hukunta yaron a kan fareti. Ta ɗinka shi daidai, ta yanke zaren da haƙori, ta ninke rigar ta sa a ƙasan sauran.

Da safe sojojin barikin suka tashi. Manyan motoci sun yi layi daga cikin bariki har bakin titi, mata da yara sun cika gefen hanya, ba mai kuka da ƙarfi don an ce kada a karya musu zuciya. Dogo ya samu ya tsallako shago. Ya durƙusa ya gaida uban, Saje ya dafa kansa ya ce ya riƙe salla, ya bi umarni, kada ya taɓa wanda bai ɗauki makami ba. Yaya kuwa ta riƙe hannun rigarsa tana yi masa kwatance kamar mai aiken saƙo: idan an haye gada, hannun hagu, bayan tashar mota, akwai gini mai shuɗin rufi kusa da tankin ruwa, nan ne asibitin yayarsa, gidanta kuma yana lungu na biyu.

“Inna,” ya ce a hankali, “ba ni nake zaɓar inda za a harba ba.”

Ta saki rigar. Aka busa usur ya ruga.

Kwana kaɗan bayan haka layin waya na can ya ɗauke. Wasu suka ce sojojin can ne suka kashe shi, wasu suka ce namu ne. Yaya takan kira lambar Nas kafin ta buɗe shago, ta kira bayan azahar, ta kira kafin mu rufe, kullum muryar mace ɗaya ce ke amsawa da harshen Turawan can cewa ba a samun lambar. Har ta haddace kalmomin ba tare da ta san ma'anarsu ba. Na Dogo kuwa an karɓe musu wayoyi tun a hanya. Aiki ya tsaya, don masu kakin sun tafi. Muka zauna muna sauraron jita-jita. Yau a ce an haye, gobe a ce ba a haye ba. A ce jiragen yaƙi sun tashi, a ce an binne nakiyoyi a gadar. Duk mai babur da ya tsaya shan ruwa sai ya bar mana labari, kowanne ya fi na baya muni. Yaya ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. Idan na kawo abinci sai ta ce ta ci, alhali tare muka wuni.

Ran nan da tsakar rana muka ji jiniya. Motocin asibiti ne na soja, a jere, suka shige bariki da gudu aka rufe ƙofa. Kafin ka ce me, matan sojoji sun fito daga ko'ina, wata da kumfar wanki a hannu, wata ba takalmi, suka taru a bakin ƙofar suna tambayar masu gadi, masu gadi suna kallon sama. Yaya ta miƙe za ta fita, sai ta koma ta zauna. Saje ne ya tashi ya gyara hularsa ya tsallaka titi. Akwai wanda ya taɓa yi wa horo cikin masu gadin, ya bar shi ya shiga.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a ciki ba. Na dai san Yaya ta jawo wani tsohon wando ta sa a keke tana ɗinka layi a kan layi ba dalili, har allura ta shige mata yatsa ta fito ta farce, ba ta ce uffan ba. Ina ɗaure mata yatsan Saje ya dawo. Ya ce Dogo na da rai, ba ya cikin waɗanda aka kawo. Yaya ta sauke numfashi ta rufe fuska. Amma Saje bai zauna ba. Ya ce an yi musayar wuta a gadar da asuba, ba a san wanda ya fara ba, an kashe namu, kofur ɗin da ya kawo mana buhunan yana cikinsu. Namu kuma sun mayar da martani da igwa, wasu harsasan sun faɗa cikin garin.

“Wane gefe?” ta tambaya.

Ya ce bai sani ba. Ya ce wanda ya faɗa masa ma bai sani ba.

Daga ranar Saje ya daina zuwa benci. Yana gida da rediyo manne a kunnensa mai ji, yana juya tasha. Masu sharhi na ta musu, wannan ya ce dimokuraɗiyya ba ta tsayuwa sai an kare ta, wancan ya ce ba a shuka ta da bakin bindiga, kowa da hujjarsa mai kyau, ba wanda ya ambaci gini mai shuɗin rufi. Yaya ta fara zuwa tasha tana tare duk wanda aka ce ya tsallako ta daji, tana nuna masa hoton Nas a waya. Wani ya ce ya ga asibitin a tsaye. Wani ya rantse ya ga hayaƙi na tashi daga wajen. Ta dawo da maganganun biyu tana juya su har yamma.

Wajen mako uku muna haka. Wata la'asar ina share bakin shago na ga mace ta tsaya a gabana da yarinya a goye, zaninta duk laka, ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage. Sai da ta ce “Gwaggo” na gane Nas ce. Yaya ta fito ta rungume su a tsaye, ta riƙa shafa fuskarta da kafaɗunta da hannayenta kamar mai duba ko an rage wani abu.

Sai da ta yi wanka ta huta ta ba mu labari, a tsakar gida, uban na zaune. Harsashin igwa bai faɗa asibiti ba, tashar mota ya faɗa, daidai lokacin da masu sammako ke lodi. Ta wuni tana ɗinke mutane a ƙasa, don gadaje ba su isa ba, cikinsu har da ɗaliban mijinta. Wata mata da aka kawo ɗanta ta hana ta taɓa shi, ta ce a gaban kowa wannan 'yar can ce, ƙaninta na cikin masu harbin. Yaron ya rasu kafin ɗaya ma'aikaciyar ta iso kansa. Bayan kwana biyu samari masu sanduna suka fara bi gida gida suna tambayar 'yan ƙetaren gada. Maƙwabciyar da Nas ta karɓi haihuwarta sau biyu ita ta zo ta raɗa musu cewa an ambaci gidansu. Malam ya samo mai kwalekwale can ƙasa da gada, nesa da sojojin duka biyu, ya sa su a ciki. Shi ya zauna, don mahaifiyarsa ba ta iya tafiya.

Saje ya tambaye ta mutanen garin fa, suna son sojojin nasu?

“Baba, wallahi ba su da kirki,” ta ce. “Likitanmu magana ɗaya ya yi a kansu, suka zo suka tafi da shi, har na taho ba a san inda yake ba. Da can mutane na zaginsu a kasuwa. Tun ranar tashar nan ba mai iya buɗe baki, duk wanda ya yi sai a ce ɗan koren baƙi ne.”

Saje ya gyaɗa kai. Ya ce to a bar su da likitan ke nan, da duk wanda za su ɗauka gobe? Nas ta ce ba ta sani ba. Ya ce shi ma a da can ya sani, yanzu bai sani ba. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Rundunar ba ta haye gadar ba. Aka yi ta zaman sulhu a manyan otal-otal na wata ƙasa, a ƙarshe aka saki shugaban ya tafi gudun hijira, sojojin suka yi alkawarin zaɓe. Kowane ɓangare ya ce shi ya yi nasara. Bayan wasu watanni aka dawo da su Dogo, ban da waɗanda aka riga aka binne.

Dogo ya shigo gida da kakinsa, ya yi baƙi ya zabge. 'Yar Nas na wasa a tsakar gida, tana ganinsa ta ƙwalla ƙara ta shige ƙarƙashin gado, sai da ya je ya sa jallabiyar ubansa aka samu ta fito. Ya gaida kowa. Ya kasa haɗa ido da yayarsa. Can da aka watse, ina wanke kwanuka a gefe, na ji ya tambaye ta ko gaskiya ne tasha ce. Ta ce gaskiya ne. Ya ce shi harsasai yake miƙawa, lambobi ake karanto musu ta rediyo, ba su ga komai ba sai hayaƙi a bayan itatuwa. Ya tambaye ta mutum nawa. Nas ta dube shi, ta ce ya ci abincinsa kada ya huce, ba yau ba. Bai sake tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Yanzu idan yana hutu yakan zauna da uban a ƙofar gida, su daɗe suna kallon titi.

Da aka buɗe iyaka layin waya ya dawo. Malam na nan da rai, mahaifiyarsa ce ta rasu a tsakani. Ya ce gari ya lafa, amma ba kamar da ba, kuma an ɗage zaɓen zuwa baɗi. Nas ta ce za ta koma, asibiti ba kowa, aurenta kuma yana can. Yaya ba ta hana ta ba. Abu ɗaya ta nema, a bar mata yarinyar har a ga yadda zaɓen zai kasance. Suka yi ta ja, a ƙarshe Nas ta yarda. Ranar tafiyar mun raka ta tasha, ta hau mota ba ta waiwayo ba, don kada 'yar ta ga fuskarta.

Yarinyar tana wuni da mu a shago yanzu, an ba ta gwangwanin maɓallai tana warewa. An sake ɗage zaɓen, shugabannin yankin kuma sun fara maganar sabon wa'adi. Shekaranjiya ta ɗago kai ta tambayi kakarta yaushe Umma za ta zo ta ɗauke ta. Yaya ta ce bayan zaɓe. Ta ce yaushe ne zaɓe? Yaya ta dubi ƙofar bariki, ta ce in miƙo mata almakashi.